Daga Kazaure Zuwa Maraɗi: Me Magini Zai Ɗauka Ya Tsallaka Iyaka?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura a 'yan shekarun nan zai lura da gine-ginen da suka tsaya cak a gefen garin Kazaure: an kai linta, an rasa kuɗin rufi, ciyawa ta cinye tsakar gida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, dalar da ake saya wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Buhun siminti ya taɓa naira 10,000, Babban Bankin Nijeriya kuma ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024. Ma'aikacin da ake gina gidan dominsa, albashinsa ya koma na hatsi da magani.

Shi ya sa ba na mamaki idan na ji masu yanka filaye da gina gidajen sayarwa suna zancen Maraɗi da Damagaram. Hujjarsu tana da ƙarfi. Sefa a ɗaure take da kuɗin yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya tun 1999, saboda haka ba ta narkewa a aljihu kamar naira. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, auratayya ta daɗe. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kuma ta Kazaure zai ratsa.

Kamfanin da ke shimfiɗa wannan layi shi kansa darasi ne a ƙofar gidanmu. Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne. Lokacin da tattalin arzikin ƙasarsa ya durƙushe har ta karɓi rancen ceto na yuro biliyan 78 a 2011, ayyukan Afirka da Latin Amurka ne suka riƙe shi. Sai dai masu kafa hujja da shi sukan manta abu guda: ba ranar wanka ya fara neman ruwa ba. Tun 1946 tushensa yake aiki a Angola. Da gida ya ƙi daɗi, yana da injina da ma'aikata da amana a waje, an riga an san shi.

A nan ne nake ganin lissafin mutanenmu yana karkacewa. Wanda ya kwashi nairarsa mai rauni ya canza ta zuwa sefa don ya sayi fili a Maraɗi, ya fara da hasara tun a wurin ɗan canji. Faɗuwar naira tana amfanar wanda ke kashe naira ne ya karɓi sefa. Wato ribar tana wajen kai aiki: birkila da kafinta da mai walda daga Roni ko Gwiwa, ƙofofi da tagogin da aka ƙera a Kazaure, kwangilar gina wa ɗan kasuwar Maraɗi a kan filinsa, a biya kashi-kashi. Matasanmu dama cin rani ba baƙonsu ba ne. Abin da ya rage shi ne wanda zai tara su ƙarƙashin kamfani mai rajista da rubutacciyar yarjejeniya.

Batun fili kuwa ya fi ƙarfin zumunci. A nan mun saba da dokar filaye ta 1978, wadda ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. A Nijar takardun da Faransanci suke, dokar kasuwanci ta OHADA ce, filayen karkara kuma suna bin tsarin da aka kafa a 1993 da kwamitocinsa na tantance mallaka. Shaidar mai unguwa da baki ba ta isa a kotun da ba ka jin yarenta.

Sannan ga siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe ɓangarenta ba sai Maris na 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Hatsi da dabbobi sun samu ɓarauniyar hanya a wancan lokaci. Gini ba ya bin ɓarauniyar hanya. Inda aka kafa shi nan zai kwana, ko mai shi yana iya zuwa ko ba ya iyawa.

Ina kuma ganin an yi gaggawar yanke ƙauna daga gida. Abin da ya mutu shi ne kasuwar gida mai ɗakuna huɗu da doguwar katanga. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu tana nan a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Ɗalibi ba zai sayi gida ba, amma kowace shekara iyayensa za su biya kuɗin ɗaki, muddin akwai ruwa da makewayi da fitilar sola.