Gaɓar Ƙwarangwal: Inda hamada ke karo da teku a Namibiya

A arewa maso yammacin Namibiya akwai wata gaɓa mai tsawon kimanin kilomita 500, inda yashin Hamadar Namib da baƙaƙen duwatsu ke gangarawa har cikin Tekun Atlantika. Ana kiranta Gaɓar Ƙwarangwal saboda ƙasusuwan manyan dabbobin teku da tarkacen jiragen ruwa da ke warwatse a bakinta, ciki har da Dunedin Star da ya maƙale a 1942.

Sirrin wurin shi ne igiyar ruwan sanyi ta Benguela da ke tasowa daga kudu. Ita ke haddasa hazon da ke ɓatar da matuƙa jirage, amma raɓar wannan hazo ce ke shayar da tsirrai da ƙwari a ƙasar da ruwan sama ke wuya. Kifin da igiyar ke tarawa yana ciyar da dubban karnukan teku a duwatsun Cape Cross, inda diloli da kuraye ke dakon jariransu a watannin Nuwamba da Disamba.

An killace yankin a 1971. A can, sawun tayar mota ɗaya kan yi gomman shekaru bai goge ba.