Gamkalley: In Maigida Ya Rasa Aiki, Wa Ke Ɗora Tukunya?

Unguwar Gamkalley tana bakin kogi, dab da yankin masana'antu na Yamai. Shekaru da dama magidantanta da yawa sun dogara ga albashi: wasu a masana'antu, wasu a ma'aikatun gwamnati. Maigida ya fita da safe, ya bar kuɗin cefane; uwargida ta tsare gida.

Faɗuwar farashin yuraniyom a farkon shekarun 1980 ta girgiza wannan tsari. Gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, kamfanoninta suka rage ma'aikata, bankin BDRN ya durƙushe a 1990. A shekarun 1990 ma'aikata sun sha yin watanni ba albashi. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga dala 10 zuwa dala 20, magani da kayan waje suka yi tsada.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Matar da ba ta taɓa neman kuɗi ba ta kafa kasko a ƙofar gida, tana tuyar ƙosai da fanke. Wata ta riƙa saro latas da kabeji a garakan bakin kogi, wata ta kama wankau. Jarin kuwa daga adashi yake fitowa, ko daga sayar da kwanonin aure.

Amma rashin aiki bai tura dukan mata waje ba. Wadda ta yi lakwal ta sami takardar shaida, da ta ga an rage ɗaukar ma'aikata, sau da yawa sai ta fid da rai ta zauna gida. Wato matsala guda ta fitar da wasu, ta mayar da wasu.

Wannan nema yana da tsada. Mai tuya ba ta cikin rajistar CNSS: ba hutun haihuwa, ba fansho. In ciniki ya yi nauyi, ɗiya mace ake fara cirewa daga lakwal domin talla. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, ya sauƙaƙa wa mata samun rance, amma rance ba albashi ba ne.

Ma'aikacin da ke lissafin marasa aiki, ya tuna da matar da ke riƙe da gidansu. Ɗan kasuwar da ke ba ta bashin buhun wake ya riga ya san ta.