Babi na Tara: Lantarki da Hannun da ke Shanyewa

Ciwon yakan fara nuna kansa ne a ƙananan ayyuka. Tela a kasuwar Daura ya kasa zura zare a allura, ko dattijo ya ji carbi na kuɓuce masa. In ka duba hannun, sai ka ga tudun naman gindin babban yatsa ya lotsa, tsakaninsa da manuniya ya yi rami, alhali gefen ƙaramin yatsa bai rame haka ba. Fata na ji sarai, sai dai tsoka na ɗan rawa ita kaɗai. Nan da nan mutanen gida su ce sammu ne ko iska.

Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya bayyana cutar a 1869, Farfesa Benjamin Osuntokun kuma ya yi nazarinta a kan 'yan Nijeriya a Ibadan a 1974. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa da laka, masu kai wa tsoka umarnin motsi, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba shan-inna ba ce, domin ita takan yi ɓarnarta ta tsaya, wannan kuwa gaba take ci.

In aka tura maras lafiya Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana iya tarar da na'urar motsa jijiya a sashen fisiyo. Ana manna wasu 'yan faifai a damtse ko tsintsiyar hannu, a saki lantarki kaɗan, sai yatsu su lanƙwashe da kansu. Ganin haka kan sa dangi murna, amma a yi hattara. Lantarkin jijiya mai rai yake bi. Wadda ta mutu ba ya tayar da ita. Yana iya rage ciwo da sandarewa, iyakarsa ke nan a sanin da ake da shi. Da aka gwada irinsa a tsokar numfashi a Ingila da Faransa, waɗanda aka yi wa sun fi saurin mutuwa, dole aka tsayar da gwajin. Don haka wanda ya ce a sayar da gona a sayi na'urarsa don waraka, kuɗi yake nema.

Maganin riluzole, da Amurka ta amince da shi a 1995, 'yan watanni yake ƙarawa. Abin da ya fi taimakon yau da gobe ba shi da tsada: miƙa yatsun a hankali kullum, ɗaurin da ke tallafe babban yatsa, da naɗa tsumma a ƙotar cokali ta yi kauri yadda zai iya riƙewa ya ci da kansa.