Mai Karanta Labarai A Talabijin: Aku Ne Ko Ɗan Jarida?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, ya aiko mana da takarda yana cewa gardama ta sarƙe a rumfarsu. Wasu sun ce mai karanta labarai a talabijin aku ne kawai, abin da aka rubuta masa shi yake maimaitawa. Yana so mu raba wannan gardama.

AMSA: To Alhaji, gaskiya akwai waɗanda karatun ne kaɗai aikinsu. Amma akwai waɗanda suka wuce nan. Bari in ba ka misali da wani Ba'amurke mai suna Walter Cronkite.

An haife shi a jihar Missouri ta Amurka a 1916. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wakili ne na kamfanin dillancin labarai na United Press, yana aiko da rahoto daga fagen daga. Bayan yaƙi ya halarci shari'ar manyan 'yan Nazi a birnin Nuremberg na Jamus. A 1950 ya kama aiki da gidan talabijin na CBS, a 1962 kuma aka ba shi labaran yamma. Shi ne kuma editan shirin, watau yana da bakin magana a kan labarin da za a sa da wanda za a ajiye.

Ranar 22 ga Nuwamba, 1963, aka harbi Shugaba Kennedy a birnin Dallas. Rahotanni suka yi ta shigowa cewa ya rasu. Cronkite ya gaya wa jama'a abin da ake faɗa, amma yana ta jaddada cewa ba a tabbatar ba tukuna. Sai da sanarwar hukuma ta iso hannunsa, sannan ya cire tabarau, ya dubi agogo, ya ce Shugaban ya cika, muryarsa na rawa.

A farkon 1968 kuwa, gwamnatin Amurka na cewa tana samun galaba a yaƙin Biyetnam. Cronkite ya tashi takanas ya je can ya gani da idonsa. Da ya dawo, ya faɗa wa masu kallo cewa yaƙin ya cije, ba mai nasara, mafita ita ce a zauna a yi sulhu. Kuma ya fito fili ya ce wannan ra'ayinsa ne. Ka ga bai cakuɗa labari da ra'ayi ba. Irin wannan hali ne ya sa aka riƙa yi masa kirari da mutumin da Amurkawa suka fi yarda da shi.

Ya ajiye labaran yamma a 1981, bayan shekara 19. Ya mutu a 2009 yana da shekara 92.

Saboda haka Alhaji, ka gaya wa mutanen rumfarku, murya mai daɗi ba ta isa ba. Ku da kuke cinikin hatsi kun fi kowa sanin ɓarnar jita-jita. Wani zai zo ya ce an rufe iyaka ko masara za ta faɗi, mutum ya karyar da kayansa, washegari ya ciji yatsa. In kun ji labari, a rediyo ne ko a talabijin, ku lura: mai faɗar ya ce daga ina ya samo shi? Ya ce an tabbatar, ko kuwa ji ya yi ana faɗa?

Da fatan mun raba gardama. A gaida mutanen Dawanau, Allah ya ba da kasuwa.