Yadda Tsarin Fayil Ke Share Guraben da Aka Keɓe a Faifan Kwamfuta

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ke faruwa yayin da wata manhaja ta nemi a keɓe mata wuri a faifan ajiya tun kafin ta zuba bayanai. Shi faifan a rarrabe yake gurbi-gurbi, kuma a tsarin fayil na ext4, wanda ya kankama a Linux a shekarar 2008, gurbi guda yakan ɗauki bayit 4096. Sai dai gurbin da ake kira fanko ba lalle ya zama fanko ba. Idan aka goge fayil, sunansa da taswirar gurabensa kurum ake cirewa, rubutun kuwa yana nan kwance. Ke nan in aka miƙa wa sabon mai nema guraben yadda suke, zai iya karanta wasiƙar wani ko kalmar sirrinsa.

Tsohuwar hanya ita ce a bi guraben ɗaya bayan ɗaya ana rubuta sifiri, aikin da ke cin lokaci in fayil ɗin babba ne.

Umarnin fallocate, wanda ya shiga Linux a 2007, wata dabara ya bi. Ana keɓe jerin gurabe, a yi masa alamar cewa ba a rubuta kome a ciki ba, alhali ba a taɓa tsohon rubutun ba. Duk wanda ya nemi karanta wurin, sifiri zalla za a ba shi. A nan ya kamata masu fassara su lura, domin kalmar "sharewa" tana iya ɓatar da mai karatu. "Lulluɓewa" ta fi kusa da ainihin aikin.

Wuyar tana wajen rubutu. Wajibi ne sabon bayani ya sauka a faifai kafin a cire alamar, don kada wuta ta ɗauke a tsakani tsohon rubutu ya fito fili. Haka kuma rubutun da ya faɗa tsakiyar jeri yakan tsaga shi gida uku, wato na gaba da na baya su riƙe alamarsu, na tsakiya ya rasa ta. In jerin ƙarami ne, ext4 kan gwammace ya rubuta sifirin na gaske maimakon tsagawa.

A 2012 an kawo shawarar a ba wasu manhajoji damar tsallake alamar saboda sauri, amma masu kula da Linux ba su amince a aiwatar da ita ba, saboda asirin da za ta tona.