Jirgin Faiba A Kan Turke: Abin Da Ruwa Ke Yi Masa In Ya Shafe Damina A Ɗaure

Daga Wakilinmu a Garwa

Duk shekara idan watan Yuli ya kama, hukumomin Kamaru kan rufe kamun kifi a tafkin Lagdo har zuwa ƙarshen Satumba domin kifi ya samu sararin hayayyafa. A cikin waɗannan watanni uku, 'yan kasuwar da ke jigilar banda da ɗanyen kifi zuwa Garwa da kasuwannin kan iyaka sukan rage zirga-zirga, wasu ma su ɗaure jiragensu a bakin ruwa su koma gona ko wani fataucin. A tafkin Chadi kuwa rashin tsaro ne ya sha tilasta wa mutane yin haka, musamman bayan harin Baga na watan Janairun 2015 da dokar ta-ɓacin da aka kafa a jihar Diffa a wannan shekarar, wadda ta hana su da cinikin kifi na tsawon shekaru.

Da yawa daga cikin waɗanda suka bar kwalekwalen katako suka sayi jirgin faiba sun yi haka ne bisa imanin cewa ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, kuma ba ya bukatar toshi da kwalta kowace shekara. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ɗan kasuwar da ya ɗaure shi ya juya baya wata uku yana iya dawowa ya tarar da ɓarnar da za ta cinye ribar kaka guda.

Jikin jirgin faiba zaren gilashi ne da aka jiƙa da wani irin gam, wanda masu gyara ke kira rezin, har ya daskare ya yi tauri, sa'an nan aka lulluɓe shi da fata mai santsi daga waje. A ido wannan fata kamar tangaran take, amma ruwa na ratsa ta kaɗan-kaɗan idan aka daɗe. In ya shiga sai ya tarar da ragowar sinadaran da ba su gama daskarewa ba tun daga masana'anta, ya narkar da su, wannan haɗin kuma ya riƙa jawo ƙarin ruwa har wurin ya kumbura ya yi bororo. Wanda ya fasa irin wannan ƙurji zai ji wari mai tsami na fita. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ruwan daɗi irin na tafkunanmu ya fi ruwan gishiri saurin haddasa wannan ciwo, ɗumin ruwa kuma yana ƙara masa gudu. Ƙananan ƙuraje ba sa nutsar da jirgi, amma idan aka ƙyale su shekara da shekaru sukan haɗu su raba zaren da gam, ƙasan jirgin ya yi laushi.

Ciwo na biyu shi ne gansakuka. Jirgin da ke aiki kullum ruwa na wanke masa ciki, amma wanda ke tsaye cikin 'yan makonni zai yi kore, ƙananan katantanwa su manne masa. Ranar da aka koma aiki sai a ga inji na kuka jirgi ba ya gudu, fetur kuma yana ƙarewa tun ba a kai tsibirin da aka saba kaiwa ba. Ga mai sayen mai a jarka a tashar ruwa, wannan asara ce ta kowace rana.

Amma abin da ya fi nutsar da jiragen da ke ɗaure shi ne ruwan sama. Lissafin a fili yake: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Buɗaɗɗen jirgi mai tsawon mita 8 da faɗin mita ɗaya da rabi, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, zai iya tara kusan lita 600, wato nauyin buhu 6 masu kilo ɗari. Irin wannan ruwa ba baƙo ba ne a watan Agusta a yankin Binuwai. Ruwan kan gangara baya, inda inji mai ƙarfin doki 40 ya riga ya danne da kusan kilo 70, sai igiyar ruwa ta fara tsallakowa ta nan. Saboda haka dole a samu yaro amintacce da zai riƙa kwalfe ruwan bayan kowane hadari, a kuma rufe jirgin da tamfol da aka ɗaga tsakiyarsa da sanda domin ruwa ya zube gefe. Tamfol ɗin zai kare shi daga rana, wadda ke ƙona fatar faiba har ta riƙa fitar da farin gari kamar alli.

Sai batun igiya. Madatsar Lagdo, wadda injiniyoyin ƙasar Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982, takan cika a ƙarshen damina, kuma idan ruwa ya yi yawa akan buɗe ƙofofinta kamar yadda aka yi a 2012 da 2022. A tafkin Chadi kuma cikowa kan makara, domin kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwansa daga kogunan Shari da Lagon yake zuwa, sai wajen ƙarshen shekara yake kai maƙura. Wanda ya ɗaure jirgi da gajeriyar igiya a ƙasan turke, ruwa zai taso igiyar ta danne hancin jirgin ƙasa. Wanda kuma ya bar shi dab da gaɓa lokacin janyewar ruwa, zai tarar da shi a zaune kan dutse ko kututture, ciki ya tsage. Abin da ya dace shi ne a ɗaure gaba da baya, a bar wa igiya rara, a riƙa duba ta kowane mako, a kuma rataya tsofaffin tayoyi a gefe domin kada jiragen maƙwabta su riƙa goga shi idan iska ta taso. Katako kan jure gogayya, faiba kuwa fatarsa ce ke ɓarewa, ruwa ya samu ƙofar shiga.

Injin da ya fi jirgin tsada a wasu lokuta, shi bai kamata ya kwana a ruwa ba sam. A cire shi a kai gida a jingina shi a tsaye, bayan an bar shi ya ƙone man da ke cikin kafireta, domin fetur da ya daɗe yakan yi danƙo ya toshe hanyoyin mai. A duba man da ke ƙafar injin kusa da farfela: idan ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga, galibi saboda zaren koma ko na fatsa ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. In kuwa tilas ne injin ya zauna a jiki, a ɗaga ƙafarsa sama da ruwa a sa masa kwaɗo. Idan ƙaddara ta sa ya nutse, kada a jira. A ciro shi, a kwance fulogi, a fitar da ruwan, a zuba mai a kai wa makanike a ranar, domin tsatsa na farawa ne da zarar iska ta taɓa shi.

Hanya mafi sauƙi ga wanda ya san ba zai yi aiki wata biyu ko uku ba ita ce ya tara samari su jawo jirgin tudu, a kife shi a kan tayoyi ko gungume a inuwa. Wanda dole sai jirginsa ya zauna a ruwa, ya riƙa fito da shi ko da sau ɗaya a wata, a wanke cikinsa da buroshi mai laushi. Kada a kankare shi da wuƙa ko ƙarfe. In an ga ƙuraje, lokacin hunturu ne ya fi dacewa da gyara, saboda busasshiyar iska. Za a fasa su, a wanke da ruwa mai tsabta, a bar wurin ya bushe makonni, sa'an nan a cike da gam ɗin efoksi a shafe. Wanda ya yi gaggawar liƙewa a kan danshi ya rufe ciwon ne a ciki, kuma zai sake fitowa.

Ga masu niyyar sayen jirgi na hannu a Lagdo, Maga, Darak ko Blangwa, kada a yi ciniki jirgi na cikin ruwa. A sa a fito da shi, a shafa cikinsa da hannu, a ƙwanƙwasa da ƙotar sukudireba: wuri mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda ya sha ruwa kuwa sautinsa a dushe yake. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma ladan yaro mai kwalfe ruwa na wata uku bai kai kuɗin gyaran inji guda da ya kwana a ƙarƙashin tafki ba. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ba da kasuwa mai albarka.