Ko Ka Sani? Kwamfutar Da Ka Kashe Ba Ta Barci

Ko ka san cewa tsohuwar kwamfutar tebur ɗin nan da ka kashe da magariba, ka zare wayarta daga bango, ka ja ƙofar shago ka sa kwaɗo, akwai abin da bai daina motsi a cikinta ba? Wani ɗan siririn dutse ne, wanda aka rufe a cikin ɗan bututun ƙarfe da bai kai tsawon santimita ɗaya ba, yana karkarwa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Ba a minti ba, a daƙiƙa ɗaya. Kafin gobe war haka ya kaɗa fiye da sau biliyan 2.8, kuma haka yake yi tun ranar da aka sa wa na'urar batir a masana'anta, ko ana wuta ko babu, ko tana kan tebur ko tana jibge a ɗakin ajiya. Shi ne mai gadin gidan: kowa ya kwanta, shi idonsa biyu, yana riƙe da lissafin lokaci har gari ya waye.

Na kawo wannan magana ne saboda wani kuka da ake yawan ji daga masu shagunan buga takardu da malaman makarantu, daga Burkusuma zuwa Sabon Birni har Isa. "Yau ta tashi, gobe ta ƙi." "Sai an danna sau uku kafin ta kawo." "Fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin." Daga nan sai a yanke mata hukuncin tsufa, a ture ta gefe a lulluɓe da tsumma. Alhali sau da yawa laifin na wani ɗan batir ne da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba.

Batirin faifai ne mai sheƙi, yana kwance a cikin ɗan gurbinsa a kan babban allon da masu gyara ke kira bod. Sunansa CR2032, kuma sunan nasa awonsa ne: faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2. Ƙarfinsa bolt 3. Irinsa ne a cikin makullin mota na zamani da na'urar gwajin suga da wasu ƙananan sikeli, don haka ba wani baƙon kaya ba ne da sai an yi aike Legas.

To amma mu koma kan lambar nan, don ita ce ta hana ni sakat. Me ya sa 32,768? Me ya hana a ce dubu talatin cif, ko dubu hamsin, lambar da za a iya riƙewa a ka? Ɗauki biro ka raba ta biyu: 16,384. Sake rabawa: 8,192. Ci gaba: 4,096, sai 2,048, sai 1,024, sai 512, 256, 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, sannan 1. Sau goma sha biyar ka raba, ka dira a kan ɗaya daidai, babu ragowa ko ta ƙwayar gero. Wannan ɗayan ita ce daƙiƙa. Na'urar lantarki ba ta da abin da ya fi mata sauƙi irin raba abu biyu, wato ta bar bugu ɗaya ya wuce ta tare ɗaya. Sai aka jera irin waɗannan ƙofofi guda goma sha biyar, kowace tana miƙa wa ta gaba rabin abin da ta karɓa, ta ƙarshen kuma ta fitar da bugu ɗaya tak a daƙiƙa. Wallahi duk sanda na bi wannan lissafi sai na ji daɗi, don babu ɓarna a cikinsa ko kaɗan.

Akwai kuma wata hikimar. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya haura kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Da an tsaya a 16,384, da yara masu kaifin ji za su iya tsinkayar siririn fito yana fitowa daga agogo. Da kuma an haura zuwa 65,536, da batir ya fi saurin ƙarewa. Sai aka zauna a kan ta farkon da ta wuce jin kunne. Agogon hannun da ke tsintsiyarka, in dai mai batir ne, kusan tabbas wannan lambar yake ƙirgawa, haka agogon bangon masallacin unguwarku.

Dutsen kuwa kwaz ne, ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi, irin wanda ake takawa a gaɓar gulbin Rima in ruwa ya janye. Sai dai wanda ake sa wa na'ura a masana'anta ake renonsa cikin manyan tukwanen ƙarfe masu zafi da matsi don ya fito tsab, sannan a yanka shi ya fito mai yatsu biyu. A shekarar 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques Curie da Pierre Curie, suka gano cewa in an matsa wannan dutse yana fitar da lantarki. Ba a jima ba aka tabbatar da akasin haka, in an ba shi lantarki sai ya motsa. Agogon farko da aka yi da shi an haɗa shi ne a 1927 a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, kuma tarkacensa ya fi ƙarfin aljihu nesa ba kusa ba. Sai ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fitar da na hannu na farko, mai suna Astron, a kan yen 450,000, kuɗin da zai sayi ƙaramar mota a lokacin. Shi wancan sau 8,192 yake kaɗawa, wadda ita ma tana cikin jerin da muka lissafa ɗazu. Yau ga shi ana zuba jikokinsa a faranti ranar kasuwa.

Dutsen yana da yanayin da ya fi so, wajen digiri 25 a ma'aunin zafi. In zafi ya haura haka, ko sanyi ya yi ƙasa da haka, sai ya ɗan rage sauri. A shago mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Gobir ke wuce digiri 40, agogon kwamfuta zai iya yin baya da kusan daƙiƙa ɗaya a yini. Ba a lura da shi sai an yi watanni.

Ina haɗin wannan da ƙin tashi? Batirin ba agogo kaɗai yake ciyarwa ba. Kwamfutar IBM ta farko, ta 1981, ba ta da agogon da ke aiki in an kashe ta. Duk safiya sai ta tambaye ka kwanan wata, in ka ƙyale ta sai ta ɗauka ranar 1 ga Janairun 1980 ce. A 1984 ne, da fitowar samfurin AT, aka dasa wani ɗan guntu na kamfanin Motorola mai ɗauke da agogo da wata 'yar ma'ajiya mai gurbi 64 kacal. Goma sha huɗu na agogo ne da sarrafa shi, hamsin ɗin da suka rage kuwa nan na'urar ke rubuta abin da ta sani game da kanta: wane irin faifan ajiya ke jikinta, ƙwaƙwalwarta nawa ce, da makamantansu. Wannan ma'ajiyar ce ake kira CMOS, kalmar da kake gani a baƙin allo in ta tsaya tana neman ka danna F1.

Duk lokacin da ka kunna ta, kafin ta nuna maka komai, sai ta tara lambobin da ke ma'ajiyar ta gwada jimillar da wadda ta ajiye a baya. In sun yi daidai ta wuce. In sun saɓa ta san an taɓa mata kaya. Shi kuma irin wannan batir halinsa shi ne ya riƙe ƙarfinsa kusan yadda yake shekara da shekaru, sai dab da ƙarshe ya zube. A wannan ɗan tsakanin, da bai mutu ba bai kuma yi rai ba, nan ne rikicin yake. Wata rana ƙarfin ya isa ya riƙe bayanan har safe, wata rana wasu su goge wasu su tsaya. Ran da suka goge sai na'urar ta koma saitinta na masana'anta, ta je neman Windows a inda ba ya nan, ko ta yi wa faifan ajiya magana ta hanyar da ba a saba ba. Wasu samfuran ma ko allo ba sa kunnawa. Washegari kuma, da yake ta kwana da ɗan sauran caji ko an gyara saitin, ta tashi garau kamar ba ita ba.

Mu a nan wannan matsala ta fi cin mu, kuma da dalili. Muddin wayar kwamfuta na jone da bango kuma akwai wuta, ko da a kashe take, agogon daga wutar bango yake sha, batir yana hutawa. Littattafan da kamfanin Intel ya riƙa haɗowa da allunansa sun faɗi cewa in ba a jone take ba, batirin kimanin shekara uku zai yi. To ka duba na'urar da ta gama aikinta a wani ofis a Turai, ta yi watanni a kwantena, ta sauka Legas, ta kwana biyu a shagon titin Beirut a Kano, sannan ta iso ƙauyen da sai an tada janareta ko rana ta haska sola take ganin wuta na 'yan awoyi. Sauran yinin da daren duka batirin ne ke ɗauke da nauyin shi kaɗai. Ga kuma waɗanda rashin tsaro ya sa aka kulle a shaguna da ofisoshin makarantu wata da watanni, masu su sun yi gudun hijira. Ran da aka dawo aka buɗe, ba mamaki a tarar da su a wata shekarar daban.

Kuskuren kwanan wata kuma ba ƙaramin abu ba ne. Shafukan intanet masu tsaro suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma da agogonka ake auna ta. In na'urarka ta ce ana 2009, sai shafin duba sakamakon NECO ko WAEC ya ƙi buɗewa, a yi ta zagin sabis ba laifinsa. In akwai intanet, kwamfuta kan daidaita agogonta da na duniya lokaci-lokaci. Amma a watan Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, duk wata kwamfuta a yankin da ɗan dutsen nan kaɗai ta dogara.

Na ga wannan gyara da idona a shagon wani mai gyara a Sakkwato. Wani dattijo ya shigo da kwamfuta naɗe a bargo, ya ce daga wajen Isa ya taso da ita, an gaya masa bod ɗin ne ya ƙone. Mai gyaran ya kwance ƙusoshi biyu, ya zame murfin gefe, ya hure jar ƙura. Ya sa farce ya danna ɗan ƙarfen da ke riƙe da batirin, batirin ya yi tsalle ya fito. Ya ɗora masa mita, baƙar waya a ƙasa ja a sama, ta nuna ƙasa da bolt biyu. Sabo yakan nuna uku da ɗoriya.

"Baba, ga ɓarawonka nan," in ji shi.

"Wannan ɗan abin? Kai yaro, duba dai da kyau."

Ya sa sabo, ɓangaren da ke da alamar tarawa yana kallon sama, ya kunna, ya shiga saiti ya gyara rana da wata da shekara. Ya kashe, ya zare waya, suka ɗan taɓa hira, ya sake kunnawa, ta tashi. Dattijon ya juya tsohon batirin a tafin hannunsa ya ce lalle ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ba na cewa kowace cuta batir ce. In ka canza shi ba ta daina ba, zare wayar wuta, ciro sandunan ƙwaƙwalwar da ake kira ram, ka goge bakinsu mai ruwan zinariya da magogin fensir, ka mayar har sai ka ji ƙas. Ƙurar hunturu na shiga nan. Duba ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan bod, wato kafasita: in kansu ya kumbura ko ya fitar da wani abu ruwan ƙasa, sun gaji, kuma su ne ke sa na'ura ta ƙi tashi da sanyin safiya ta yarda da hantsi. Na'urorin farkon shekarun 2000 sun yi fama da wannan, har kamfanin Dell ya ware dala miliyan 300 a 2005 don canza allunan wasu samfuran OptiPlex. Sai akwatin wuta, wanda ke da kimanin rabin daƙiƙa ya aika saƙo ta wata waya mai ruwan toka cewa wuta ta daidaita. In janareta na tangal-tangal, saƙon ba zai zo ba, na'urar kuma ba za ta motsa ba. Shi wannan akwati kada ka buɗe shi, yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi. Amma ka fara da mai arha kafin ka hau mota zuwa birni.

Roƙona ɗaya gare ka, mai karatu. Tsohon batirin da ka cire kada ka yar da shi a tsakar gida ko bakin shago. Yana sheƙi, yara na son sa shi a baki, kuma in ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu, ko da ya yi raunin da ba zai riƙe agogo ba. Ka naɗe shi da salatif ka ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa. In kuwa har yaro ya haɗiye, kada a tsaya jiran alama ko a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti nan take.